Jirgin Fanka da Kunnen Babanku

Ke Ummi, tun da muka dawo gida kike riƙe da maganar nan a ranki, har kin faɗa wa Nura da Halima, kuna zaton ba za ta dawo gare ni ba. Kin ce ina ma'aikaciyar jinya, na san abin da ƙara take yi wa kunne, amma na zura ido babanku ya kurmance a Dubai saboda tsohon injin mota. Ban ji haushinki ba, don ni ma da uwata ce ta yi haka da ubana sai na tuhume ta. Sai dai ba zura ido na yi ba. Da hankalina na yarda, kuma tun da a cikin ku ukun babu wanda yake can a lokacin, gara in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kun san ni na fara tafiya, na kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Al Qusais. Daga baya Malam, babanku, ya biyo ni, ya samu aiki a garejin da ake gyaran manyan motocin Amurka, irin waɗanda Larabawa suke hawa tudun yashi da su ranar hutu. Muka kama ɗaki da falo a International City, maƙwabcinmu na dama ɗan Sin, na hagu 'yan Filifin, in magariba ta yi ƙanshin girki kala uku ne yake haɗuwa a matakala, kuma nawa ne yake rinjaye saboda daddawa. Zamanmu lafiya lau. Ni in ta surutu, shi ya yi ta murmushi, kamar dai yadda kuka san mu.

A 2016 Inna, mahaifiyarsa, ta rasu. An gaya muku ciwo ne, kuma gaskiya ne, amma ba a gaya muku a ina ta cika ba. Ƙauyensu yana can cikin fadamar Nguru. Lokacin yarintarsa, in aka ɗora tuwo aka tura kwalekwale, kafin a kwashe an kai gari. Daga baya kacalla ta zo, ciyawar nan doguwa da ta fi mutum tsawo, ta cinye hanyoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Jirgi mai inji ba ya wucewa, don farfelarsa a cikin ruwa take, da ta juya sai ciyawa ta nannaɗe ta. Ranar da jikin Inna ya tsananta, ƙannensa suka sa ta a kwalekwale da safe, suna sara da adda suna turawa da gora. La'asar ta same su ba su ko hango gari ba, sai suka juyo da gawa. Malam ya je ta'aziyya ya dawo, bai taɓa ba ni labarin da bakinsa ba, a wurin matar ƙaninsa na ji. Abin da na gani kawai shi ne murmushin ya tafi. In na yi surutu sai ya kalli bango.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Rannan na dawo daga aiki na same shi ya ƙura wa waya ido, yana ta maimaita wani bidiyo. Jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kamar faranti, a bayansa an ɗora injin mota a sama, a bayan injin kuma wata ƙatuwar fanka cikin keji. Babu abin da ya taɓa ruwa sai cikin jirgin. Iska ce take tura shi, yana sulalewa a kan ciyawa da taɓo kamar ba komai a gabansa.

"Hajiya, zo ki ga," ya ce. "Wannan ba ruwansa da kacalla. Kanta zai bi."

"To, sai ka sayo mana biyu, ɗaya nawa ɗaya naka," na ce, ina cire takalmi.

"Injin nan na san shi. Kullum hannuna a cikin irinsa yake."

Na dube shi da kyau, sai na ga idonsa ya dawo irin na da. Na wuce na ɗora ruwan shayi.

Injin ya zo ne ta hannun wani tsohon Balarabe da Malam yake yi wa gyara. Yana da wata tsohuwar motar jan tirelar dawaki da tsatsa ta gama da jikinta, amma injinta lafiya lau, irin babban nan mai silinda takwas. Da Malam ya gaya masa abin da yake son yi da shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗauka, Allah ya karɓa." Ɗauka kuwa ba ta baki ba ce, don sai da aka kawo kurar ɗaga kaya. Wurin ajiyewa kuma sai aka samu wajen Alhaji Mamman, abokinsa ɗan Diffa ta Nijar mai harkar kago, wato aika kaya gida, wanda yake da mangaza ta ajiyar kaya a Al Qusais, nesa kaɗan da asibitinmu. Ya ware masa lungu tsakanin buhunan atamfa da kwalayen firji. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan masallaci da duk Asabar, can za ka samu babanku.

Na koyi abubuwan da ban nema ba. Na san cewa ya zaɓi tsohon inji mai kafireta ne da gangan, don kowane bakanike a Nguru zai iya kwance shi a gindin bishiya ba tare da kwamfuta ba. Na san cewa inji ya fi fanka sauri, shi ya sa aka haɗa su da faffaɗan bel da zai rage gudun, in ba haka ba fikafikan su tarwatse. Na san an cire giya, an ɗora lagireto a sama, kuma jirgin ba shi da birki, ba shi da ribas. Da ya gaya mini wannan na ce ashe dai kansa ya ƙera. Fankar daga Amurka Alhaji Mamman ya yi masa odarta, jikin jirgin kuma wani mai walda ɗan Indiya ya haɗa da alminiyom, an auna faɗinsa daidai bakin kwantena. A teburin cin abincina aka wanke kafireta, kuma har yau ban yafe wa tawul ɗina mai fure ba, ko da yake ba laifinsa ba ne.

Ranar da aka fara tayar da shi da fanka, Malam ya ce sai an yi addu'a tukuna. Aka ja jirgin zuwa filin bayan mangaza, aka ɗaure shi da sarƙa a jikin wata babbar mota. Na soya masar shinkafa, matar Alhaji ta dama fura, aka gayyato 'yan uwa Hausawa da suke kusa. Rana tana dukan ƙasa, inuwa ɗaya ce a filin, ita ce wadda kejin fankar da bango suka yi. To mu kuwa ina muka san wani abu, inda inuwa take nan ake shimfiɗa. Aka baje tabarmi a bayan jirgin daidai, dattawa suka harɗe da manyan riguna, aka shafa fatiha. Malam yana can sama a kujera, ya ba mu baya, bai ga inda muka zauna ba.

"Yalla, Malam, bisimilla!" in ji Alhaji Mamman.

Injin ya yi tari, ya kama, Malam ya ɗan taka totur. Ban taɓa ganin walima ta tashi da sauri haka ba. Huluna suka yi sama, tabarmi suka bi su, masata ta watsu har gindin katanga, babbar rigar wani malamin jami'a ta rufe masa fuska yana ta salati a ciki. Alhaji Mamman ya bi hularsa da gudu yana cewa, "Mon Dieu, ku tare ta, ta Makka ce!" Malam ya waiwayo ya ga abin da ya yi, ya kashe injin, ya kifa kai a kan gwiwa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, har da hawaye. Rabona da jin dariyar nan tun Inna tana da rai. Na tsaya da ɗankwali a hannu, ƙura har cikin haƙorana, ina jin daɗi ya cika mini ciki.

Amma a hanyar komawa gida a bas na yi masa magana sau biyu bai amsa ba, sai da na taɓa shi.

A gaskiya na riga na fara lura. Talabijin sai ya ƙure murya. In ina magana sai ya juyo mini da gefen dama. Kiran sallar masallacin ƙasan benenmu, wanda yake tayar da ɗan Sin ma, sai in ce masa an kira. Na ja shi wurin likitar kunne ta asibitinmu, wata 'yar Sudan mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Ta gwada shi ta ce na hagu ya riga ya tafi, aikin gareji na shekara da shekaru ya cinye shi. Na dama ne ya rage, shi ma ya raunana, kuma ƙara irin ta jirgin nan tana iya ƙarasa shi. Ta dube ni ta ce, "Sister, ke kin sani ai." Na sani kuwa.

Na sayo masa marufin kunne irin na ma'aikatan filin jirgin sama, na ce in na ƙara ganinsa kusa da injin babu shi, zan zuba wa kafireta gishiri. Ya karɓa, ya kuma riƙa sawa, ban taɓa kama shi ya cire ba. Sai da aiki ya zo ƙarshe, cikin 2019, ya zaunar da ni ya ce akwai saura abu ɗaya, kuma ba ya yiwuwa da marufi. Man da ake sayarwa a gida ba irin na Dubai ba ne, balle na 'yan bumburutu da za a riƙa zuba masa a bakin ruwa. In saitin wutar injin bai dace da man ba, da an taka shi da kaya sai ya fara wata 'yar ƙara siririya a ciki, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wanda bai san ta ba ba zai ji ta ba, amma ita ce take ƙona fistan. Dole a taka injin har ƙarshe, fanka tana juyawa, mutum ya saurara, ya juya saitin kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɓace.

"Ba na'ura?" na ce.

"Akwai, na gwada ta maƙwabcinmu. Ƙarar fanka tana ruɗa ta."

"To wani ya saurara maka mana."

"Wa? In na kuskure, ba a kan titi zai mutu ba, Hajiya. A tsakiyar kacalla zai mutu, da mara lafiya a ciki."

Na ce ban yarda ba. Na faɗa da ƙarfi yadda ko kunnen hagun sai ya ji, na kuma kwana biyu ba na ce masa komai sai ga abinci. Bai yi musu ba, bai kuma je mangaza ba. Ya koma zama a falo yana kallon bango.

Alhaji Mamman ya same ni a bakin asibiti ranar da na tashi aiki da rana. Ya gaishe ni, ya yi ta juya makulli a hannu kafin ya yi magana.

"Bon, Hajiya, ni dai amana ce tsakanina da ku. Mangaza tawa ce. In kin ce a rufe, yau zan sa kwaɗo, in ce masa kaya sun zo babu wuri. In loda jirgin yadda yake zuwa gida, can su ƙarata. C'est fini, magana ta ƙare. Ba zai san daga gare ki ba ne."

Kin ji, Ummi, an miƙo mini abin da kike cewa da na yi. Kalma ɗaya ce, kuma da yau babanku yana jin kukan jikokinsa. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Ban shiga bas ba, na zauna a rumfar jira mai sanyi, motoci suna zuwa suna wucewa. Kafin a haife ku na yi aiki a ɗakin haihuwa a Nguru. Na san matan fadama, na san yadda ake shigo da su a jiƙe, an kwana ana turo kwalekwale, jaririn ya riga ya daina motsi. Wasu na riƙe hannunsu har ya yi sanyi. Wannan na tuna. Na kuma tuna mutumin da na baro a falo. Na zauna da shi yana ji amma ba ya dariya, na san yadda wannan yake, kuma ban ga zan iya komawa ciki ba. Sannan kunnen nasa ne. Mutum ne ya haura sittin, ba yaron goye ba, ya san abin da zai bayar ya kuma ce zai bayar. Ni da ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba zan fara da kwaɗon wani ba.

Na koma gida na ce masa na yarda, amma da sharaɗi. Rana ɗaya ce tak, da ni za a je, kuma duk lokacin da na ɗaga hannu sai ya kashe ya huta. Ya ce ya ji. Na ce ya dai ji yanzu.

Wata Asabar da sassafe, lokacin sanyi, aka ja jirgin a tirela zuwa bayan gari, inda gine-gine suka ƙare yashi ya fara, don kada a dami kowa. Malam ya sa an sayo mai mafi araha, ya kuma tsiyaya masa ɗan kananzir, ya ce ya san halin mutanensa. Aka ɗaure jirgin a jikin motar Alhaji. Wannan karon babu wanda ya nemi inuwa a baya. Malam ya gama dube-dubensa, ya goge hannu, sai ya ce wa Alhaji Mamman ya ɗan ba mu wuri. Alhaji ya yi nisa yana ƙirƙirar waya.

"Ina da buƙata kafin in hau," ya ce.

"In shayi ne yana cikin fulas."

"Tun da aka kawo ki ɗakina ban taɓa jin sunana a bakinki ba."

Kunya ta kama ni kamar ranar da aka kai ni. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba, ke Halima har a waya nake jin kina ƙwala wa mijinki kira kamar ɗan aike. Mu ba haka aka raine mu ba. Uwata ta rasu ba ta taɓa furta sunan ubana ba, in wani mai sunan ya zo gidan ma sai ta ce mai sunan Malam. Ni ma haka na yi shekaru sama da talatin, ko a ofishin biza in an tambaye ni sai in miƙa fasfo.

"Malam, da girmana? A tsakiyar daji?"

"Ai shi ya sa. Babu kowa sai raƙuma."

"Ka bari sai mun je gida."

Ya dube ni kawai, ya juyo mini da gefen dama, sai na gane abin da yake nufi da kafin ya hau. Na waiwaya na ga Alhaji ya ba mu baya. Na matsa, na kama kafaɗarsa don ya fi ni tsawo, na kai bakina kunnensa.

"Haruna."

"Ban ji ba," ya ce, bakinsa yana rawa don dariya.

"Ƙarya kake yi."

"Wallahi iska ce ta ɗauke."

Na sake faɗa, na kuma ƙara ɗaya da bai roƙa ba. Ya rufe ido. Sannan ya cire marufin daga wuyansa ya sa mini a kaina da hannunsa, ya hau.

Ko ta cikin marufin ƙarar tana dukan ƙirjina. Yashi ya tashi a baya ya rufe sama. Ina kallonsa ya karkata kai wajen injin, Alhaji yana taka totur, shi yana juya saitin da yatsu biyu. Na ɗaga hannu ya kashe, ya huta, aka sake. Na ɗaga, ya kashe. Bai saɓa mini ko sau ɗaya ba. Can sai na ga ya miƙe, ya ɗaure kusoshi, ya ɗaga wa Alhaji babban yatsa. Da ya sauko na tambaye shi ko ya samu, ya ce kunnensa yana ta ƙugi amma zai wuce. Ƙugin ya wuce bayan 'yan kwanaki, sai dai jin bai dawo tare da wucewarsa ba. Likitar ta yi iya ƙoƙarinta, ta ba shi na'urar sawa a kunne, wadda take kawo masa ƙarar ƙofa da ta mota amma ba ta kawo magana. Na yi kuka a bayin asibiti, ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ce muku ban yi ba.

Cutar korona ta riƙe jirgin a mangaza, ta riƙe ni a asibiti. Sai a 2021 aka loda shi, mu ma muka tattaro. Sauran kun gani da idonku. Ɗan ƙaninsa ne yake tuƙa shi, in ya taso daga ƙauye tun daga nesa mutanen bakin ruwa suke cewa a kira mai Keke Napep, ga mara lafiya nan tafe. Injin bai taɓa mutuwa a cikin kacalla ba. Babanku yakan je ya tsaya a gaɓa, ya ce yana jin zuwansa a tafin ƙafa.

Wannan shi ne abin da ya faru, kuma in kuna da sauran tuhuma ku kawo mini ita, kada ku kai masa. Jiya da hantsi yana zaune a tsakar gida yana gyara wa maƙwabta injin markaɗe, na kawo masa koko. Na tsaya a gabansa har ya ɗago, na duba babu kowa a gidan, na faɗi sunan a hankali, ba murya ma, leɓe kawai.

Ya ajiye sifana ya ce, "Na'am."